Da gaske shuka tana kashe ƙwayoyin jikinta da kanta?

Ummi: Salamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana. A darasin ilimin tsirrai na wannan zangon an koya mana cewa shuka tana da tsarin kashe wasu ƙwayoyin halittar jikinta, a wurin da ta ga dama, a lokacin da ta ga dama. Na haddace saboda jarrabawa, amma raina bai kwanta ba. Ta yaya aka gane cewa shukar ce ta kashe ƙwayar, ba ƙishirwa ko cuta ko zafin rana ba? Ai gawa gawa ce.

Likita Nura: Wa alaikumus salam. A jikin mutum da dabba maganar tabbas ce. Masana uku, Kerr da Wyllie da Currie, suka fayyace ta a 1972, kuma a 2002 aka ba Brenner da Horvitz da Sulston kyautar Nobel a kanta. Sun bi wata 'yar tsutsa tun tana ƙwai, suka ga tana yin ƙwayoyi 1090, guda 131 daga ciki suna mutuwa, kuma kullum su ɗin dai ne. Haka fatar da ke tsakanin yatsun jariri take zubewa tun yana ciki. Amma a tsirrai ina da ja. Sinadaran da ke aiwatar da kisan a jikinmu, waɗanda ake kira kasfes, babu su a tsirrai. Kuma babu fararen ƙwayoyin jini da za su zo su haɗiye gawar. Ni ina ganin mutanen tsirrai kwaikwayonmu kawai suke yi.

Dakta Binta: Likita, ranka ya daɗe, kujerar da kake zaune a kai in ta katako ce, to shaida ce a kanka. Bututun da ke ɗaukar ruwa daga saiwa zuwa ganye, wato zailam, ba ya fara aiki sai ƙwayoyinsa sun mutu. Ƙwayar tana da rai za ta yi ta kaurara bangonta da lignin, sinadarin da ke ba katako tauri, zobe-zobe ko murɗe-murɗe. In ta gama ginin, sai babbar jakar ruwan da ke cikinta ta fashe. A cikin jakar nan ta riga ta tara sinadarai masu narkar da nama da DNA, ita ta haɗa su da kanta tun kafin ranar. Ba a rabin awa cibiyar ƙwayar ta narke. Bango ne kawai zai rage, fanko, a haɗe da na sama da na ƙasa, ruwa ya samu hanya.

Kuma ba hasashe ba ne. A 1980 Fukuda da Komamine a Japan suka ware ƙwayoyin ganyen wani fure mai suna Zinnia, suka sa su a ruwan gwaji da sinadaran girma guda biyu. Cikin kwana uku ƙwayoyin suka gina bangon zailam suka mutu, alhali ga abinci, ga ruwa, babu cuta. Waɗanda ba a ba sinadaran ba suna nan da ransu a irin wannan ruwan.

Baba Mai Wake: Tsarki ya tabbata ga Allah. Wato rimi duk tsawonsa matattu ne ke kai masa ruwa sama.

Ɗan Fadama: Dakta, bari in kawo abin da ni na sani. In ka tuge shinkafa a ruwa ka tsinke farar saiwarta ka matsa da farce, za ka ji ta sakayau, cikinta duk ƙofofi. Masarar tudu kuwa saiwarta a cike take dam. Amma masarar da ruwa ya kwanta mata kwanaki, in ka karya sabuwar saiwar da ta fito sai ka ga ita ma ta fara ƙofofin. Shi ma wannan ɗin ne?

Likita Nura: Wannan ai ruɓewa ce, Malam. Ruwa ya toshe mata iska ta shaƙe.

Dakta Binta: Da ruɓewa ce da duka saiwar za ta tafi. Amma in ka yanka ta ka duba a madubin ƙara girma, fatar waje lafiya lau, tsakiyar da bututun ruwa da na abinci suke lafiya lau, ƙwayoyin da ke tsakaninsu ne suka narke, su ma ba duka ba, an bar wasu layuka suna riƙe da ginin. Ta ƙofofin nan iska ke sauka daga ganye zuwa bakin saiwa.

Ummi, ki kula da nan, don nan amsarki take. Malcolm Drew da abokan aikinsa sun nuna a 1979 cewa iskar etilin, wadda shuka ke yi da kanta, ita ce mai ba da umarnin. Ka ba saiwar masara etilin alhali tana samun iska isasshiya, za ta yi ƙofofin. Ka rage mata iska amma ka sa maganin da ke hana ta jin etilin, ba za ta yi ba. Sai kuma wanda ya fi burge ni: in aka ɗauke iskar oksijin gaba ɗaya, ƙofofin ba sa samuwa, domin haɗa etilin ɗin kansa yana buƙatar ɗan oksijin, kuma aikin kisan yana buƙatar ƙwaya mai sauran ƙarfi. Da shaƙewa ce ke kashe su, ai rashin iska baki ɗaya ya kamata ya fi huda saiwar. Mutuwar da za ka iya kunnawa da saƙo, ka kashe ta da toshe saƙon, ba haɗari ba ce.

Ita shinkafa ba ta jiran ruwa ya kwanta, tana yin ƙofofinta ko a tudu aka shuka ta, ruwan ƙara su kawai yake. Masara sai ta ji wuya take farawa, sau da yawa kuma kafin ta gama an riga an yi asara.

Ummi: Wallahi Dakta da haka aka yi mana bayani a aji da ban sha wahala ba. Allah ya ƙara ilimi.

Likita Nura: Duk da haka, ranki ya daɗe, ba hanya ɗaya ba ce da tamu. Ina kasfes ɗin?

Dakta Binta: Ban ce hanya ɗaya ba ce, kuma da yawa daga cikinmu ba sa son a gwama su. Tsirrai suna da dangin kasfes na nesa, metakasfes, da aka gano a 2000, sai dai ba a gaɓa ɗaya suke yanka nama ba. Akwai kuma wani sinadari a cikin jakar ruwan nan da Hara-Nishimura da ɗalibanta suka nuna a 2004 cewa in babu shi jakar ba ta fashewa a ganyen taba mai cutar bairos. Ƙwayar shuka a kulle take cikin bango, babu mai zuwa ya kwashe ta, dole ta narkar da kanta daga ciki. Kayan aikin ne daban. Amma umarnin a rubuce yake cikin ƙwayoyin gado, a wajenku da wajenmu.

Maman Hanif: Ni tambayata daban. Akwai wani fure da ake sa wa a falo mai faffaɗan ganye da huji-huji. Na ɗauka tsutsa ce ke ci har na kusa yi masa feshi.

Dakta Binta: Monstera ke nan, Hajiya, kada ki fesa masa komai. Tun ganyen yana naɗe wasu ƙwayoyi ke mutuwa, in ya buɗe wurin ya zama huji. Akwai wani tsiron ruwa na Madagaska da ya fi shi, ganyensa yakan koma raga zalla, jijiyoyi kawai. Arunika Gunawardena a Jami'ar Dalhousie ta Kanada ta daɗe tana nazarinsa, don ganyen siriri ne, ana kallon ƙwayoyin suna mutuwa kai tsaye.

Baba Mai Wake: To 'ya'yana, duk na ji. Ni dai manomi ne. Me wannan zai ƙara min a buhu?

Malamin Gona: Baba, Allah ya ja kwana, ai kai ne ma ka fi kowa cin moriyarsa a nan. Ba kai ne ka ce tun da ka koma irin waken nan SAMPEA 10 wuta-wuta ta yi sauƙi a gonarka ta jigawa ba?

Baba Mai Wake: Haka ne. Da, wake zai yi kyau har ya fara yaɗo, sai ka ga ya tsaya cak, ganye ya yi ɗorawa, kafin ita la'ananniyar ta ɓullo ma. Wannan irin kuwa sai ka zaga gona ka ga ɗaya nan ɗaya can, galibi a jikin ɗan gida da ya tsiro a ciki.

Malamin Gona: To sirrinsa ke nan. Sunansa na bincike IT97K-499-35, aikin cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa IITA ne tare da cibiyar binciken noma ta Samaru, an sake shi ga manoma a Najeriya a 2008. Juriyarsa ta samo asali daga wani waken gargajiya na Botswana mai lamba B301. Wuta-wuta ba ta da saiwar kirki, dole ta huda saiwar wake ta haɗa bututunta da nasa ta sha. A waken da ba ya jurewa za ka ga ƙullutu ya kumbura a wurin, fari sol, yana girma. A B301 kuwa, da ta fara shiga sai ƙwayoyin saiwar da ke kewaye da ita su mutu, wurin ya yi baƙi-baƙi, ita kuma ta bushe cikin 'yan kwanaki don ba ta samu mai rai da za ta kama ba. Kamar yadda ake ƙone gefen gona da gangan kafin gobarar daji ta iso, in ta zo ta tarar babu abin ci.

Dakta Binta: Ƙari a kan na Malam. A 2009 Li da Timko a Jami'ar Virginia ta Amurka suka gano ƙwayar gadon da ke wannan aikin, RSG3-301. Da suka rufe mata baki a saiwar B301, sai baƙin ya ragu, wuta-wuta ta kama ta yi girma. Wannan salon kariya an daɗe da saninsa. Stakman ya bayyana shi a 1915 a kan cutar tsatsa ta hatsi a Minesota, Flor kuma ya nuna daga shekarun 1940 cewa sai shuka tana da ƙwayar gadon da ta dace da ta maharin sannan take gane shi. A 2019 masu bincike a China suka ga siffar ɗaya daga cikin sinadaran da ke gadin ƙwayar shuka, ZAR1: in ya gane mahari, guda biyar ke haɗuwa su yi da'ira, su huda fatar ƙwayar, kalsiyam ya kwararo ciki, daga nan sai mutuwa.

Isufu Maraɗi: Gaisuwa ga kowa daga nan Nijar. Mu ma ƙuduji ya dame mu a wake. Tambayata, in an samu wannan iri shi ke nan an rabu da shi har abada?

Dakta Binta: A'a, ɗan'uwa. Wuta-wutar wake nau'i-nau'i ce. Wadda ta fi yawa a arewacin Najeriya da Nijar ana kiranta SG3, ita B301 yake ganewa. Amma a Zakpota ta Jamhuriyar Benin akwai SG4z, tana kama B301 lafiya lau, domin tana zuba wani sinadari a saiwar da ke hana ƙararrawar kaɗawa. Ƙwayoyin ba sa mutuwa, ita kuma ta shige. Shi ya sa irin da ya yi aiki a Kano ba lallai ya yi a ko'ina ba. Kuma irinta yana shekara fiye da 10 a ƙasa yana jira, don haka wadda ta ɓullo a tuge ta kafin ta zubar da 'ya'ya.

Malamin Gona: A kuma lura, ta wake daban, ta dawa da gero mai jan furen nan daban. Kada wani ya ce ya shuka SAMPEA 10 amma dawarsa ta ƙone.

Mai Shagon Iri: Ni fa duk wannan turancin bai sauya min komai ba. Manomi ya zo min da ganye mai ɗigo, in ba shi maganin feshi. Ɗigo cuta ne, magana ta ƙare.

Malamin Gona: Alhaji, a nan muke rabuwa da ku kullum. Ba kowane ɗigo ne cuta mai ci ba. Wanda shuka ta yi don kare kanta ƙanƙane ne, busasshe, gefensa a yanke, kuma in ka dawo bayan mako yana nan yadda ka bar shi. Na cuta mai ci yana faɗi, yana yin zobe-zobe ko ɗorawa a kewaye, in ka juya bayan ganyen da sassafe wani lokaci ka ga gari ko fumfuna. Na farkon an riga an gama yaƙin, kuɗin feshi asara ne.

Mai Shagon Iri: Manomin da ya zuba jarinsa zai zauna mako guda yana kallon ɗigo? Kai albashi kake ɗauka, Malam.

Dakta Binta: Kowannenku da gaskiyarsa, amma Malam, ni ba zan ba manomi tabbacin ido ba. A ranar farko ɗigon kariya da farkon cuta suna kama sosai, mafi yawan mutuwar kariya ma ido ba ya ganinta, ƙwaya ɗaya ce ko biyu. Abin da zan yarda da shi, a sa wa ganye biyu-uku alama da zare a duba bayan kwana biyu, ba mako ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Kashe ƙwaya yana aiki ne a kan maharin da sai da mai rai yake rayuwa: tsatsa, bairos, wuta-wuta, tsutsar saiwa. Amma akwai fumfunar da mataccen nama take ci. Irin wannan da gangan take tsokanar shuka ta kashe ƙwayoyinta, ita kuma ta bi baya tana ci. A wajenta kariyar shukar ita ce abincinta.

Likita Nura: Wannan ya fara kama da abin da muke gani a asibiti, garkuwar jiki ta juya ta cuci mai ita. Akwai misali babba?

Dakta Binta: Akwai, Amurka a 1970. Don haɗa masarar aure dole a hana uwar ba kanta bununi, da can da hannu ake bi ana cire furen samanta, aiki mai cin kuɗi. Sai aka samu wata masara a Texas wadda ƙwayoyin da ke ciyar da bununinta suke mutuwa kafin lokaci, saboda wani sinadari mai suna URF13 a mitokondiriyarta, wato ɓangaren ƙwaya mai samar mata da ƙarfi. Ba ta yin bununi mai rai, ba sai an cire komai ba. Kamfanonin iri suka rungume ta, har kusan kashi 85 cikin 100 na masarar ƙasar ta zama daga wannan tsatso. Sai ga wani nau'i na fumfunar ƙunar ganye yana fitar da dafin da ke kama URF13 ɗin nan daidai, ya huda mitokondiriya, ƙwaya ta mutu, fumfuna ta ci. A shekara ɗaya kusan kashi 15 cikin 100 na masarar Amurka ya tafi, a jihohin kudu ma wasu gonakin ba a girbi komai ba. Dole aka koma cire fure da hannu.

Ummi: Dakta, an ce mana ma furen saman masara da farko yana da ɓangaren mace a ciki?

Dakta Binta: Ƙwarai. Yana farawa da duka biyun, sai ɓangaren macen ya mutu tun yana ƙarami, namijin ya rage. In ƙwayar gadon da ke ba da wannan umarnin ta samu matsala, sai ki ga tsaba a saman masara maimakon a goyo. Manoma suna ganin irin haka jefi-jefi, musamman a 'ya'yan da suka tsiro daga gindi.

Ɗan Fadama: Na taɓa gani, yara suka ce aljanu ne. Amma bari in koma kan tsutsar saiwa da kika ambata, don ita ce ciwona a tumatir. Saiwa ta yi ƙulu-ƙulu, shuka ta yi yaushi da rana ko an ba ta ruwa. Akwai irin da ke yi mata abin da wake ke yi wa wuta-wuta?

Dakta Binta: Akwai. Ƙwayar gadon sunanta Mi, an ɗauko ta daga tumatirin daji na Peru a shekarun 1940. Tsutsar tana shiga saiwa ta mayar da wasu ƙwayoyi manya-manya ta zauna tana tsotsa. A mai Mi, ƙwayoyin da ta taɓa sai su mutu kafin su kumbura, ta rasa wurin zama. Matsalarmu a nan zafi ne. In zafin ƙasa ya haura digiri 28 ya daɗe a haka, Mi tana daina aiki. Irin da ya tsare ka a sanyin Disamba da Janairu zai iya ba ka kunya a Maris da Afrilu, a gona ɗaya. Akwai ma wani nau'in tsutsar da Mi ba ta gane shi ko da sanyi.

Malamin Gona: Shi ya sa muke cewa a yi dashe da wuri, saiwa ta kafu cikin hunturu, a kuma rufe kunya da tattaka ko buntun shinkafa ƙasa ta rage ɗaukar rana. Kuma a karanta gwangwanin iri. Haruffan da ke bayan sunan ba ado ba ne: V da F cututtukan yaushi ne guda biyu na fumfuna, N ita ce tsutsar saiwa. Roma VF daban, Roma VFN daban.

Likita Nura: Har yanzu ina nan a kan cewa naku da namu ba abu ɗaya ba ne. Amma Dakta, me ya sa zafi ke kashe ta? Sinadarin ne ke lalacewa, ko saƙon ne ba ya isa?

Dakta Binta: A taba an fi bin diddigin wannan. Ƙwayar gadon N da ke tsare ta daga bairos ɗin dabbare-dabbaren ganye ita ma a wajen digiri 28 take tsayawa. In ka ajiye shukar a zafi, bairos ya bazu ko'ina ba ɗigo ko ɗaya. Ka mayar da ita sanyi, sai mai gadin ya farka ya tarar da mahari a kowane ganye, ya ba da umarnin kisa a ko'ina lokaci guda, shukar ta zube gaba ɗaya. Wato mai gadin bai lalace ba, kuma kayan kisan suna nan, gane maharin da tayar da ƙararrawa ne zafi ke hanawa.

Ɗan Fadama: Alhaji Mai Shago, kana ina? Wanda ka ba ni bana mai N ne ko maras N?

Mai Shagon Iri: Yanzu na sa yaro ya sauko da katan ɗin. VF ne a jiki.

Ɗan Fadama: Kuma ka ce min yana maganin komai.

Mai Shagon Iri: Haka dilan ya ce min. Zan tambaye shi mai N ɗin ranar kasuwa, amma ka shirya, kuɗinsa ba zai zama ɗaya ba.